Baba, Na Ce Kai Ɗan Kasuwa Ne

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Habu majemi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga ubanta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Rabi, autarka, daga garin Sevran, kusa da Paris. Ina da maganar da ya kamata in faɗa maka tun kana raye, ban faɗa ba.

Ka bar ni ina karatun tarihi a Paris. Yanzu aikina tonon tsofaffin takardu, ina nema wa Amurkawa asalin kakanninsu da suka fito daga Faransa. Watan jiya wata tsohuwa mai suna Madam Helen ta zo daga Ohio. Kakan kakanninta, Antoine, ya bar Lyon fiye da shekara ɗari biyu, ya ƙetare teku, ya sare daji a bakin kogi, ya gina ɗakin katako, a zamanin da Turawa ke kutsawa ƙasar mutanen da suka tarar a can. A gidansu an taso ana cewa ɗan wani babban attajirin siliki ne. Gidan attajirin take so in gano mata.

Ranar da muka fara haɗuwa, muna shan shayi, ta tambaye ni sana'ar mahaifina. Baba, ko numfashi ban ja ba. Na ce kai ɗan kasuwa ne, kana fitar da fata zuwa Turai.

Ba ranar na fara ba. Ka tuna lokacin da na manta littafina a gida, ka biyo ni da shi har lakwal, makarantarmu a Damagaram? Daga majema ka taho, hannuwanka sun rine da bagaruwa. 'Yan ajinmu suka toshe hanci. Wata ta ce wane ne wannan, na ce mai aikin gidanmu ne. Kana tsaye, ka ji. Ka miƙo mini littafin ka ce, "Ga shi, 'yar makaranta." Daga ranar, in ka zo ɗaukata, a tsallaken hanya kake jira. Ba ka taɓa tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka ka manta.

Kwana uku muka yi a Lyon, ina buɗe littattafan coci ɗaya bayan ɗaya. Babu attajiri. Uban Antoine ɗan dako ne a bakin kogi. Uwarsa, Benoîte, wankau ce, cikin jiragen da ake ɗaurewa a gaɓa mata suna wankin kayan masu hali. Antoine da kansa ya ƙirƙiro attajirin bayan ya isa inda ba a san shi ba.

Na daɗe zaune da takardar a gabana ina neman yadda zan sassauta mata, don na zaci za ta ji kunya. Da na gaya mata, sai ta dubi tafin hannunta, ta ce in kai ta inda jiragen suke tsayawa. Ta tsaya a bakin ruwa cikin sanyi tana hawaye. "Me ya sa ya ɓoye mana ita?" ta ce. "'Ya'ya mata uku na haifa. Da ɗaya ta ci sunanta."

Na kasa kallon ta, Baba.

A jirgin ƙasa muna komawa Paris na ce mata ƙarya na yi. Na ce ubana majemi ne, shekara arba'in hannunsa cikin toka da ruwan jima, da shi ya kai ni inda nake. Ba ta yi mini faɗa ba. Alƙalami ta ciro, ta juya bayan takardar Benoîte, ta ce in lissafo mata kakannina. Na ce Habu ɗan Idi. Nan na tsaya. Na jera wa baƙuwa kakanni bakwai, nawa kuwa ban iya wuce biyu ba.

Washegari, ina cefane a kasuwar Château Rouge ta Paris, na kira ƙanenka Baffa Issufu a waya. Bayan mun gama gaisawa na roƙe shi sunayen. Ya ce, "Yayana ya sha cewa wata rana za ki tambaya." Ya jero mini maza shida, dukansu majema, da garin da na farkonsu ya baro. Ina rubutawa a jikin ledar kayan miya.

Har zan yi sallama ya ce, "Jakar da kika tafi da ita Faransa tana nan?" Na ce tana nan, wadda aka saya mini a kasuwa. Ya ce ba saye ba ce. Kai ka zaɓi fatar, ka jeme ta da kanka, ka yi ta wanke ta har sai da warin ya fita, ka kai wa baduku. Sannan ka hana kowa ya gaya mini, ka ce in na san daga majema ta fito ba zan rataya ba.

Gaskiyarka, Baba. Da ban rataya ba. Kuma ka san haka, ka yi mini ita.

Na sauko da ita daga saman kabad. Ko tsagewa ba ta yi ba. Na sa fuskata ciki ina neman warin da na guje wa, ban samu ba, ka wanke shi tas saboda ni.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya hannuwan nan da ruwan Aljanna. Ya jiƙan Idi da iyayensa. Ni kuma Ya yafe mini abin da harshena ya yi maka.

Taka har abada,
Rabi, 'yar Habu majemi.