Agogon Falo da Na Gyara

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san wasiƙar nan ba za ta iso hannunka ba.

Ina gida Malali, kwanana shida. Mama lafiya lau, sai dai ta rame. Teburinka na gyaran agogo a Babbar Kasuwa an rufe shi da leda, har yanzu mutane na zuwa tambayarka.

Kullum kana tsokanata wai na tsallaka Turai yin agogon da ba shi da hannu ko ɗaya. To har yau ba mu gama ba. Ɗan dutse ne garau, bai kai ƙwayar wake ba, an shuka sinadarin toriyam a cikinsa. Muna haska shi da wani siririn haske mai ƙarfi da ake kira leza har tsakiyar ƙwayar zarrar ta amsa, da bugun hasken nan muke son ƙirga lokaci. Ɗumi kaɗan ya canza, sai awon ya goce. Shi nake gadi ranar da ka kira, wayata na wajen ɗakin gwaji. Da aka gaya min, na ce in na fito zan neme ka, sai labarin rasuwarka ya riga ni. Kafin in sami jirgi an riga an kai ka.

Sannan na yi wani laifin. Da isowata na ga agogon falo yana gaba, ni kuma gwanar awo, na hau kujera na daidaita shi da wayata. Yaya aka yi na manta kai kake tura shi gaba don kada sahun farko ya wuce ka? Mama ta shigo, ta ɗaga kai, ta zauna. Sai daga baya ta gaya min tun rasuwarka ba ta bari kowa ya taɓa shi ba, don hannunka ne ƙarshen saita shi.

Na mayar da shi gaba, Baba, amma ban lura da minti nawa ka sa ba. Mama ta ce bakwai, Yaya Sani ya ce goma. Nawa ne? Kai kaɗai ka sani.

Na sa takwas. Ina kewarka ƙwarai. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna.

'Yarka mai makara,
Ummi