Awon Kafaɗa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya shago, ya kuma ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ki ce Auta bai ɗauki biro ba sai da buƙata ta taso. Da gaskiyarki. Kamfaninmu ya ce sai an sa hoton kowane ma'aikaci a shafinsu na intanet, tun daga manaja har ni da ke can ƙasa a ɗakin ajiyar fayil. Shekara ashirin da biyu ina ɗakin nan, ban taɓa jin wani ya nemi ganin fuskata ba. An ɗauko mai hoto na musamman, zai zo ranar goma sha takwas ga watan gobe, har ya aiko mana da takardar sharuɗɗa.

Hoton daga ƙirji ne zuwa sama. Ba a son fari, ba a son mai ratsi-ratsi ko mai ƙyalli. Riga mai duhu, mai kwala, wadda ta zauna daidai a kafaɗa. Maganar kafaɗar nan har layi biyu ya ja a ƙarƙashinta. Na duba kayana, rigar kirki ɗaya ce tal, wadda kika ɗinka min shekara shida da suka wuce, da na zo rasuwar Inna. Ita ma kwalarta ta soma cinyewa. Ba na son kai wa telan da ban sani ba alhali ina da ke. In da hali ki taimaka min da shuɗiya mai duhu.

Sauran sharuɗɗan abin dariya ne. Wai a miƙo haɓa gaba kamar kunkuru, a ɗan karkata kafaɗa ɗaya, a yi murmushi ba tare da an washe baki ba. Wai kuma a riƙa gwadawa a gaban madubi. Ni, da shekara hamsin da ɗaya a duniya.

Maiɗakina Malama tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Da direba ya miƙo min takardarka sai na ce wa ya mutu? Ashe riga ce. To madalla da mai hoto, tunda ya sa ka rubuta abin da ya wuce "lafiya lau, sai an jima" da kake yi min a waya.

Gwiwa tana nan, ni da ita muna lallaɓa juna. Shago kuma sai godiya. Yara duk sun watse gidajensu, daga ni sai keken ɗinki, shi ma ya fi ka surutu.

Mai hotonku ya san aikinsa. Rigar da ba ta zauna a kafaɗa ba, ko da zinariya aka saƙa ta, aro ce. Ina da yadi shuɗi mai duhu, mara ƙyalli, wanda na daɗe ina ɓoyewa ban san wa nake ajiye wa ba. Amma ba zan yanka da ka ba, shekara shida ba kwana shida ba ce. Ga tef na sa maka a ambulan. Ina son awon wuya, ƙirji, hannu da kafaɗa. Ukun farko ko kai kaɗai ka iya lalubawa, amma kafaɗa sai da mutum na biyu. Ta baya ake aunawa, daga ƙashi zuwa ƙashi, kana tsaye ka saki hannuwa. Ba a taɓa yin wanda ya auna bayansa da kansa ba. Ka ba Malama tef ɗin, mai koyar da lissafi ba za ta ɓata min inci ba.

Batun murmushi kuwa, Allah ya ba mai hoto haƙuri. Tun kana ɗan ƙarami in an ce ka yi dariya sai ka yi kamar an ba ka maganin tari. Ka riƙa gwadawa a gaban matarka, madubi ba ya faɗin gaskiya.

Ka ce mata ina amsawa, amma ina fushi. Layinta ya daina shiga tun bara waccan, kai kuma kullum sai ka ce tana makaranta. Zumunci dai a ƙafa yake.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na sami tef, na gode. An auna. Wuya inci sha shida da rabi, ƙirji arba'in da huɗu, hannu ashirin da huɗu, kafaɗa sha takwas da rabi.

Ina nan ina gwajin tsayuwa. A ofis nake yi, lokacin hutun rana in kowa ya fita cin abinci. Akwai wata tsohuwar kabad mai ƙofar gilashi a ƙarshen layin fayil, in na kunna fitilar baya ina ganin kaina a ciki sama-sama. Shekaranjiya ina tsaka da miƙa haɓa sai ga mai shara ta shigo da bokiti. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Baba, wuyan ne ya sanƙare? Akwai man zafi a jakata." Na ce mata eh, na karɓa na shafa. Yini na yi ina warin man zafi, don ban san yadda zan yi mata bayani ba.

Sharaɗin ƙarshe a takardar mai hoton shi ya fi ba ni wahala. Ya ce in an zo ɗauka, mutum ya tuna wani da ke sa shi dariya, fuska za ta saki da kanta. Na yi kwana biyu ina nema. Sai da na koma shekara arba'in baya, ranar da na yayyanka yadin wata mai ɗinkinki na naɗe ƙwallo da shi, kika bi ni da sandar awo har bayan gida, Inna tana cewa ki bar mata autanta. A nan na ga mutumin cikin gilashi ya yi murmushi. Da shi zan je.

Malama tana gaisuwa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ga riga nan, na goge na ninke, kada ka bari direba ya zauna a kai. Maɓallan baƙaƙe na sa, don farare suna ɗaukar hasken hoto. Ka rataye ta tun ana gobe.

Na ga awonka ya ƙaru, lallai Malama ta iya kiwo. Ga gyale nan ruwan toka na haɗo mata ladan awo, ka ce kada ta raina.

Yadin da ka yi ƙwallo da shi har yau ban yafe ba. Ka aiko min da hoton.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. An ɗauki hoto lafiya, ga shi na sa an wanke miki ɗaya.

A ɗakin taro aka yi. An rataya wani ƙyalle ruwan toka a bango, ga fitilu biyu masu lema, ga kujera mara majingina a tsakiya. Layi aka yi, 'yan ofishin sama suna ta gyara wa juna kwala suna tsokanar juna. Ni ne na ƙarshe. Wani sabon ma'aikaci ma ya tambaye ni ko tare da mai hoton na zo.

Kowa ya yaba rigar. Mai hoto da kansa ya shafa yadin ya ce wanda ya ɗinka wannan ba ɗan koyo ba ne. Na ce masa yayata ce. Na yi kunkuru, na karkata, na tuna sandar awo, sau huɗu kawai ya danna ya ce ya samu.

Gyale ya iso, an gode ƙwarai.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na ga hoto. Na kai shi bakin taga na duba, na sa tabarau na sake dubawa. Murmushin ya yi, ba zan hana ka ba.

Mutane suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni tela ce, kwala nake tambaya. Tsakanin wuyanka da kwalar nan yatsu biyu za su shiga su yi juyi. Ɗinkin kafaɗa kuma ba a inda na aza shi yake ba, ya zame ya koma baya, gaban rigar ya ɗame kamar fatar ganga. Riga ba ta yin haka don kanta, sai in an tattare ta ta baya an maƙale. Sama da shekara arba'in ina kan keke, ba a taɓa maƙale ɗinkina ba sai a kanka.

Da na rasa inda na yi kuskure sai na ɗauko tsohon littafin awo, na nemo shafinka na shekarar rasuwar Inna. Wuya sha shida, ƙirji arba'in, kafaɗa sha takwas. Abin da ba ka sani ba, in zan yanka ina ƙara rabin inci a wuya da kafaɗa, inci huɗu a ƙirji, don mutum ya sami wurin numfashi. Ka haɗa da kanka. Lambobin da ka aiko min ba na jikinka ba ne, na tsohuwar rigar nan ne. Ni kuma na ƙara a kan ƙari, ina murna wai ƙanina ya yi ƙiba, alhali rama ka yi har ƙashin wuyanka ya fito.

Macen da ke tsaye a bayan mijinta da tef a hannu ba za ta shimfiɗa riga ta auna ba. Na sake karanta takardunka, na ga "an auna", na ga "an gode". Ban ga wanda ya yi ba.

Ba faɗa nake yi ba, Auta. Tun jiya ban taka keke ba. Wa ke gidan nan tare da kai?

Yayarka

*

Yaya,

Ba kowa.

Malama ta tafi shekara biyu da wata huɗu ke nan. Ba mu yi faɗa ba, da ma faɗan muka yi. Ta ce ta gaji da zama da mutumin da in ya dawo sai ya ajiye kansa a kujera kamar fayil ɗin da aka gama da shi. Ta nemi canjin makaranta zuwa kusa da 'yan'uwanta, ta nemi takardarta, na ba ta. Ban iya cewa ta zauna ba, ko da yake abin da ke bakina ke nan. Ke kika ɗinka mata kayan aure da hannunki, kuma ke kika ce wa Inna yanzu hankalinki ya kwanta a kaina. Na ce bari in bari sai wata mai zuwa in faɗa miki. Wata ya bi wata, gaisuwar ƙarya ta zama min jiki.

Tef ɗinki kwana uku yana aljihuna. Na tsaya wurin maigadi, muka gaisa, na sa hannu a aljihu, sai na ji ina tambayarsa ƙarfe nawa. Na hau sama wurin wanda muka fara aiki rana ɗaya da shi, ya ɗago ya ce wane fayil ake nema. Maƙwabcina kuwa ko sunansa ban sani ba. Yaya, kunya ce ta hana ni. Duk wanda na ce ya auna min baya zai ce ba ka da kowa a gida ne? Ranar Asabar da safe na shimfiɗa tsohuwar rigar a kan gado, na ja ta ta miƙe, na auna.

Abin maƙale shanya uku mai hoton ya sa min a baya. Bai yi dariya ba, ya ce haka ake yi wa kowa, hoto ba ya ganin baya. Sannan ya dafa kafaɗuna da hannu biyu ya juya ni wajen fitila. A nan na tuna cewa tun tafiyar Malama, in ban da musabaha, ba wanda ya taɓa jikina. Na ce miki sandar awo na tuna, ba haka ba ne. Ban tuna komai ba, ƙoƙari kawai nake kada hawaye ya zubo a gaban mutane, shi ne ya fito kamar murmushi.

Kaɗaici ya ci ni, Yaya, kuma ni na ba shi wuri. Gyalen yana nan a ledarsa cikin durowa, ki faɗi yadda zan yi da shi. Mai hoto zai dawo ranar biyu ga wata saboda waɗanda suka yi fashi, amma ni zan bar nawa haka. Ki yafe min ɓata miki ɗinki.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ka je ka sa sunanka cikin waɗanda suka yi fashi. Hoton da aka maƙale ɗinkina ba zai zauna a gaban duniya ba.

Na rufe shago. Ina tafe ranar Laraba a motar safe, da almakashi da zare. Ka zo tasha da wuri, gwiwar nan ba ta son tsayuwa. Gyalen ka fito min da shi, ni zan yafa. Ɗakin da ba kowa kuma ka share shi, ban san ranar komawata ba.

Kada ka sake auna komai. Ka dai nemo min tef ɗina, in na iso ka tsaya ka juya min baya.

Yayarka