Bindigar Bahaguwa

Gonar Doringpoort, 4 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ƙugun ya yi sauƙi, kuma matar yayana Attie ta daina dafa maka wannan kofi mai kama da ruwan wanke tukunya. Tunda kunnenka ya ƙi waya, ga takarda, Piet mai motar gas zai miƙa maka.

Tumaki sun fara haihuwa, dila ma ya kama aikinsa. Jiya a bayan famfon iska na tsinci 'yan raguna biyu, an farke ciki an cinye hanta an bar sauran. Uwar ɗaya tana tsaye a kansa tana kuka har rana ta take. Na kuma ji abin da yayana Attie yake kitsawa a can gari: a ba Kawu Freek Izaaks hayar gonar, ni in tattara komatsaina in dawo Rehoboth, wai don "Dalena ba ta iya harbi ba". Kowa ya haddace wannan magana, har fasto.

To bari in amayar da abin da na gaji da haɗiyewa. Ni bahaguwa ce, Baba. A makaranta an ɗaure mini hannun hagu har na koyi rubutu da dama, amma ba wanda ya ɗaure mini ido. In na ɗora bindigar Kaka a kafaɗar dama, idon hagu ne yake kallo, harsashi kuwa sai ya tafi inda ban aike shi ba. Tun ina budurwa nake harbin duwatsun da ba su yi mini laifin komai ba, ku kuna dariya.

Akwai mai shago a Windhoek da yake da bindiga mai sakatar ɗura harsashi ta gefen hagu. Ƙarama nake so, mai siririn harsashi irin 222, wadda ba ta naushin kafaɗa, da madubin hange, ta kai tsallaken kwari inda dila ke tsayawa yana yi mini kallon raini. Ya ce zai karɓi ta Kaka a yi musaya. Lasisinta da sunanka yake, saboda haka sai ka sa hannu. Ka sa, Baba, don ni ba inda zan je.

Ka gaida yara. Attie kuwa ka riƙe gaisuwarsa tukuna.

'Yarka,
Dalena

Rehoboth, 11 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Magdalena,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ƙugu yana nan yadda likita ya bar shi. Kofin surukata ba abin da za ki sa a takarda ba ne, ko da yake ban ce kin yi ƙarya ba.

Na karanta buƙatarki, kuma amsata a'a ce. Bindigar nan 303 ita ta ciyar da gidanmu da naman barewa a shekarun fari. Mahaifina da hannunsa ya sassaƙa katakon gindinta. Ba a musayar irin wannan da abin wasan yara. Harsashin da kike kwaɗayi na agwada ne a kan dutse. Kin san iskar da ke bi ta kwarinmu in hantsi ya yi. Za ta ɗauke shi kamar ƙaiƙayi.

Batun hagu kuma, ban taɓa ganin ɗan gidan Maasdorp ya harba daga wannan kafaɗa ba. Ki rufe idon da ke damun ki, ki riƙe numfashi, ki matsa kunama a hankali. Haka na koya wa yayanki, kuma ya iya.

Ba na son ki ɗauka korar ki ake yi. Attie tausayinki yake ji, mace ke kaɗai a daji. Ga abin da na yanke: zan jira har lokacin yaye. In 'yan ragunan da suka rage ba su kai na bara ba, zan sa hannu a takardar Freek, ki dawo gida ki huta.

Allah ya tsare ki.

Mahaifinki,
Kasper Maasdorp

Doringpoort, 25 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Ka zauna da kyau kafin ka karanta wannan.

Na bi shawararka mako guda cur. Na rufe ido, na riƙe numfashi har na kusa shiɗewa, na kashe wani kyakkyawan dutse. A makon nan dila ya ƙara cin huɗu. Ranar Talata da sassafe na ce, kai, ya isa haka. Na kwanta a kan tudun da ke kallon kwamin ruwa, na mayar da bindigar kafaɗar hagu. Baba, sai na ga duniya ta miƙe! Bakin bindiga da idona suka yi magana ɗaya, abin da ban taɓa ji ba tunda nake.

Dila biyu suka fito, mace da namiji. Na saki wa namijin, ko shurawa bai yi ba. Sai dai ka san sakatar tana dama. Kafin in sauke bindiga daga kafaɗa, in tsallako da hannu ta sama, in ja, in tura, macen ta tsaya ta dube ni, sannan ta tafi abinta ba ko sauri. Da ta hagu ce, da yanzu fata biyu ke rataye a wayar shinge.

Ga kuma sauran labarin. Tudun kunci da Kaka ya sassaƙa don na-dama ya yi shi, bakinsa mai kaifi ya lanƙwaso ta ɗaya gefen. Da bindigar ta yi baya, sai ya tsaga mini kunci, jini har wuyan riga. Na dawo gida na ɗaure ta a kan teburin aiki, na ɗauko magagari, na goge tudun nan tas, na shafa mai. Ina yi ina kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban tsaya ba sai da ya yi sumul.

Na san ranka zai ɓaci. Kaka ya sassaƙa katakon nan daidai fuskarsa don ya tsare tumakinsa, ni ma abin da na yi ke nan. Tun ranar na ƙara kashe dila biyu. Ka gaya wa fasto ya sake haddar wata maganar.

'Yarka da kumburarren kunci,
Dalena

Rehoboth, 29 ga Mayu

Magdalena,

Gaisuwa, domin haka aka koya mini in fara takarda.

Kin sa magagari a aikin hannun ubana. Abu ɗaya tak da ya rage mini wanda yatsunsa suka taɓa. Ban ci abinci ba ranar da Piet ya kawo takardarki. Ko dila ɗari kika kashe, ba ki da ikon yin haka, domin ba taki ba ce.

Attie zai zo ranar Asabar tare da Freek, ya zagaya da shi ya ga shinge da rijiyoyi. Ki ba shi bindigar ya dawo mini da ita. Ba roƙo nake yi ba. Maganar jira har yaye kuma na janye ta.

Mahaifinki,
K. Maasdorp

Doringpoort, 3 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka, kuma da gaske nake, ko ka yarda ko kada ka yarda. Na ji zafin da ka ji. Bindigarka ta iso maka, na sani, don ni na sa ta a motar da hannuna. Amma na tabbata Attie bai ba ka labarin hancinsa yadda ya faru ba.

Sun iso da hantsi. Na ba su kofi na gaske da gurasar gashi. Kawu Freek sai kallon kuncina yake, ya ce, "Yarinya, wa ya mare ki?" Na ce, "Kakana, Kawu." Attie ya ce, "Dalena, ba wasa ya kawo mu ba, miƙo bindigar." Na ce, "Za ka samu, Yaya. Amma ka ga gwangwanin can a kan gungume? Kai ne gwanin gida. Harbe shi sau biyu a jere, daga kafaɗar hagu." Ya ce shi ba ya wasan yara. Kawu Freek ya ce, "Haba Attie, gwangwani ne fa, ba zai rama ba."

Sai ya ɗauka. Baba, da ka ga ɗanka! Ya karkace wuya kamar kaza na kallon shaho, ya rufe wannan ido, ya buɗe, ya rufe wancan. Da ya saki, ƙura ta tashi can wajen garke, babban yatsansa ya daki hancinsa. Ya tsallako da hannu zai ja sakata, kwanson harsashin ya maƙale, ya yi ta kokawa yana zagi, jini na ɗiga a takalminsa. Kawu Freek ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni ban yi ba. Na ce, "Yaya, minti ɗaya ka yi. Ni tun ina 'yar sha biyu haka kuka sa ni nake yi, sannan kuka ce ban iya ba." Sai ya juya ya shiga mota.

Yanzu ga inda muke. Ba ni da bindiga, tumaki na tsakiyar haihuwa, macen nan kuma tana nan. Na dawo da masu ciki kusa da gida, ina bin su da ƙafa da karnuka daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Zan sayar da babban ragona in nemi lasisi da sunana, ko zai shekara bai fito ba. Ka sa hannu a takardar Kawu Freek in ka ga dama, gonarka ce. Amma ranar da zai shigo, sai dai Attie ya ɗauke ni cak ya sa a bayan mota tare da tumakin, kuma ka san ina cizo.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Dalena

Rehoboth, 9 ga Yuni

Dalena,

Gaisuwa. Jiya da kowa ya tafi coci, na zauna a bayan gida na ɗora bindigar a kafaɗar hagu, ba harsashi. Na gwada jan sakatar. Mummunan abu ne.

Attie ya kawo takardar Freek, na ce masa tabarauna sun ɓata. Kada ki sayar da ragon. Ki zo ranar Litinin mai zuwa ki kai ni Windhoek. Ta hagu za a saya, amma 243 mai harsashi mai ɗan nauyi, domin iskar kwari ba ta ragu ba don kin yi fushi.

Kafin lasisi ya fito, ga ta Kakanki nan Piet ya kawo miki. Kin riga kin ɓata ta, ba ta dace da fuskar kowa ba yanzu sai taki. Ki kashe macen nan. Ban yafe miki katakon ba.

Babanki