Ramin da Junu Ta Haƙa a Gonata

Lahadi, 5 ga watan Magh, a kalandarmu ta Nepal
'Yata Junu ta iso daga Kathmandu da abokan aikinta masu nazarin duwatsu. Wai rami za su haƙa a gonata, gindin tudu, dab da inda na kafa turakun sabon gida. Na ce su haƙa.

Talata, 7 ga Magh
Maƙwabcina Tek ya leƙa ramin. "Yaya, duk karatun jami'ar a haƙa shadda ya ƙare?" Na yi dariya, amma maganar ta sosa ni.

Laraba, 8 ga Magh
Junu ta sa na sauka cikin ramin. Sun kankare bangon tas. A ƙasa tsakuwar kogi ce, a samanta kuma dutse, wanda ta ce ya girme ta nesa ba kusa ba.
Na ce, "To yaya aka yi tsoho ya hau bayan jariri?"
"Turo shi aka yi, Baba." Ta zura tafin hannunta ƙarƙashin ɗayan. Wai ƙasar Indiya ce ke kutsawa ta ƙarƙashinmu, ita ta tattaro duwatsun nan har suka yi tsayin da ƙanƙara ke rufe kansu. Tafiyarta kamar tsiron farce. Wuni na yi ina kallon farcena.

Asabar, 11 ga Magh
Na koma ni kaɗai, na sa yatsa a layin da dutsen da tsakuwar suka haɗu. Laushi kamar yumɓu. A kan wannan ɗan abin duwatsu ke zamewa?

Alhamis, 16 ga Magh
Mun yi cacar baki da Junu. Layin ya bi ta ƙarƙashin turakuna. Ta ce ranar da ya zame, za a yi girgizar ƙasa, gefe ɗaya ya ɗaga ya fi tsayin mutum.
"Yaushe?"
"Ba wanda ya sani, Baba. Shi ke ba ni tsoro."
Na ce nan uwarta Harimaya ta zaɓa kafin ta rasu.
"Da Inna ta ga ramin nan, ita za ta fara tumɓuke turakun."
Ko shinkafarta ba ta taɓa ba. Ni ma dai.

Litinin, 20 ga Magh
Sun cike ramin, sun tafi. Na mayar da turakun can bayan mangwaro. Tek ya tambaya, na ce can ya fi samun rana. Na ɗebo ƙasar wurin Harimaya a kwano, don in zuba a sabon tushe. Gobe zan buga wa Junu waya in ji ko can ma akwai layi. Tambaya ce kawai.