Sa Hannu Ɗaya Ya Tsare Ni a Alƙahira

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwalejin Ilimi ta jiharmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatan kwaleji.

Ranka ya daɗe, sunana Bilkisu Habu, malama a sashen Tarihi. Ba mu taɓa haɗuwa ba, domin na riga na taho Masar kafin ka kama aiki. Na fito da maganata bainar jama'a ne saboda duk wasiƙun da na aika ta ofishin magatakarda, babu wadda aka amsa.

Na farko, yadda aka yi na zo nan. Mahaifina direba ne. Ina ƙarama ya yi shekaru yana tuƙa wasu injiniyoyi 'yan Koriya da suka zo aikin ruwa a garinmu. Da za su tafi suka bar masa wani littafi na harshensu, shi kuma ya ba ni, ya ce tunda ni ce mai son karatu, wata rana in gaya masa abin da ke ciki. Daga nan abin ya shiga raina. Da lokacin hutun ƙaro ilimi ya zo, na nemi gurbin digiri na biyu a fannin harshen Koriya da tarihinta da al'adunta a wata jami'a da ke Alƙahira, tunda ina jin Larabci kuma a nan na samu inda ake koyarwa. Ban ɓoye komai ba. Takardar gurbin tana cikin fayil ɗina, kuma tsohon shugaba ya sa hannu da kansa.

Na biyu, abin da nake yi. An gaya mini cewa a zaman kwamitin horar da ma'aikata wani ya ce an tura ni Masar karatun Larabci, na ɓige da kallon finafinan Koriya, aka yi dariya aka wuce. Ranka ya daɗe, kundina a kan rubutu yake. A ƙarni na sha biyar wani sarkin Koriya ya sa aka ƙirƙiro baƙaƙe masu sauƙi domin talakawa su iya rubuta harshensu. Manyan malamai suka raina su, amma mata suka riƙe su suna rubuta wasiƙu da su. Ina kwatanta wannan da yadda iyayenmu mata suka riƙe ajami a cikin gidaje. Na yi shekara biyu ina koyon harshen kafin in iya karanta wasiƙa ɗaya ba tare da ƙamus ba. Na gama babi uku. Wata jami'a a Koriya ta ba ni gurbin wata shida domin in ga waɗannan wasiƙu da idona in kammala.

Na uku, inda na maƙale. Jami'armu ba ta sabunta rajistar ɗalibin da wata hukuma ta turo sai da takardar amincewa daga hukumar a kowace shekara. Shekara biyu ke nan kwaleji ba ta aiko da tawa ba. Da yake babu rajista, iƙamata ta mutu, wato takardar izinin zama a ƙasar. Tunda babu iƙama mai rai, ba zan iya neman bizar Koriya daga nan ba. Idan na fita daga Masar a haka, ba ni da tabbacin za a bar ni in dawo. Idan kuma na koma gida ba tare da shaidar kammalawa ba, yarjejeniyar da na sa wa hannu ta ce na yi watsi da karatu, hukuncinsa kora. Gaba babu hanya, baya ma babu.

Ina so ka san yadda wannan yake a rayuwar yau da kullum. Ina zaune a ɗaki ɗaya a Hadayek el-Ma'adi. Ba na zuwa ko'ina sai jami'a da gida, a jirgin ƙasa guda, a taragon mata, hannuna a kan jakar da fasfona yake. Na daina zuwa kasuwar Ataba, domin na taɓa ganin ana duba takardun baƙi a bakin tasha, na juya na koma gida. Mai gadin ɗakin karatu ya san katina ya mutu. Wata rana ya kau da kai in shiga, wata rana ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, yau akwai manya. Mai duba aikina, Duktura Manal, takan karɓe ni a ofishinta bayan an tashi, ta gyara mini babi alhali sunana ba ya cikin jerin ɗalibanta. Sau biyu ta rubuta wa Koriya tana roƙon a ɗaga mini lokaci. A na biyun sun amsa cewa wannan ne na ƙarshe, zuwa ƙarshen zangon nan.

A azumin da ya wuce mahaifina ya kwanta ciwo. Maigidana ya kira ni ya ce in taho. Na kira magatakarda ina kuka, ya ce in yi haƙuri, fayil yana kan teburin shugaba. Na ce bari in ƙara mako ɗaya. A cikin makon nan Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. A waya na ji an ɗauke shi. Maƙwabtana 'yan Sudan ne suka shimfiɗa tabarma a ɗakina suka zauna da ni kwana uku. Ban ɗora wa kowa mutuwarsa ba, lokacinsa ne ya yi. Amma ni na zaɓi in jira takardarku, kuma da wannan nake kwana nake tashi. Ƙaramar 'yata ta shiga firamare ba na nan. Yanzu idan na kira, sai an lallashe ta take karɓar wayar.

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, ka sa a fito da fayil ɗina ka duba sa hannun tsohon shugaba da idonka. Idan ka gamsu, a aiko wa jami'a takardar amincewa kafin zangon nan ya ƙare.

Biyu, idan kwaleji ta ga ba ta da buƙatar malamar da ta san tarihin Koriya, tana da wannan ikon. A rubuta hakan. Jami'a ta tabbatar mini cewa takardar sallama ma za ta wadatar, sai in yi rajista a matsayin mai ɗaukar nauyin kanta. Zan rasa aikin da na yi shekaru ina yi, na kuma shirya wa hakan. Na'am za ta sake ni, a'a ma za ta sake ni. Shirun ne kaɗai ba ya saki.

Uku, duk wanda za a tura karatu bayana, a gaya masa gaskiya tun yana gida.

Ina roƙon Allah Ya yi maka jagora a wannan kujera, Ya raba ka da haƙƙin na ƙasa da kai, Ya sa ka gama lafiya. Ina nan a Hadayek el-Ma'adi, wayata a kunne.

Wassalam.

Bilkisu Habu,
Sashen Tarihi,
daga Alƙahira.