Fijon Baba

Litinin, 2 ga Maris 1998
Alhasan mai jins ya iso daga Kano da kaset ɗin ƙanena Ma'azu. Ba gaisuwar kirki. Ma'azu ya ɗauko mini kukan injin Fijon Baba, wai in kai wa makanikan nan Guangzhou su saurara su ba ni kayanta na asali. Tsohuwar 404 mai tari kamar akuya! Wai duk Juma'a yana tayar wa Inna ita a tsakar gida, tunda idonta ya tafi da kunne take ganin mijinta. Sannu, ɗan albarka.

Juma'a, 6 ga Maris
A rabon gadona motar ta faɗo. Kowa ya manta da wannan.

Asabar, 14 ga Maris
Na je wurin tsoho mai kayan mota a bayan titin Huanshi Lu. Ya ji kaset sau ɗaya, ya shiga ciki ya zaro kayan duka, har da salansa. Ban taɓa su ba. Na zaɓi salansa mai ruri, tayoyi masu faɗi, fenti ja. Na buga wa Kallamu bakanike waya Kano na ce idan kwantena ta iso ya sauke injin ya sa babba, ya yanke rufin. Ya ce, "Shitu, motar Malam ce fa." Na ce Malam yana kabari.
Shekara ashirin Ma'azu ne a gaban motar kusa da Baba, ni a baya tare da buhunan gero. Ban manta ba.

Laraba, 20 ga Mayu
Ma'azu ya yi kuka a waya, ƙato da gemu. Wai ko kujerar Baba in bari, ta lotsa daidai zamansa. Na ce ya ɗauka ya kai ɗakin matarsa. Wallahi na ji daɗi. Na ci shinkafa kwano biyu.

Juma'a, 12 ga Yuni
An gama. Kallamu ya ce samarin unguwa har tafi suke yi. Na sa ya kai ta gida ya taka mata wuta, kowa ya ji.

Lahadi, 14 ga Yuni
Na buga gida. Ma'azu ya ɗauka, ya miƙa wa Inna. Na shirya wa faɗa, ba ta yi ba. Cewa ta yi wani baƙo ya shigo musu da mota mai ihu, ta sa an kore shi. Sai ta ce, "Babana, ka ce su dawo da ta Malam, Juma'a ta wuce ban ji shi ba."
Na ce to. Layin ma ba shi da kyau.

Talata, 16 ga Yuni
Ban je kasuwar Xintang ba, kaina ke ciwo. Hanya ce ta bi da ni ta shagon tsohon. Na zana masa mota a takarda, na ja layi a kan rufin, na tambaya ko ana mayarwa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Meiyou, laoban." Wai babu, maigida.
Tambaya ce kawai. Gobe zan gwada wani shagon.