Ranar da Na Sa Aji Rufe Ido

Numan, Mayu 1976

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai dai siket ɗina ya fara yi mini yawa.

An sa ni jawabi gaban aji kan noman citta. Da na miƙe, na ga duk idanu a kaina. Sai na ji bakina ya ce, "Mu yi addu'a," yadda kake yi a majami'ar Kagoro. Kowa ya rufe ido, har malaminmu! Ganin ba mai kallona, na zuba jawabina tas. Da na gama suka ce, "Amin."

Malam ya ce na ci, amma Ubangiji ya riga ya san noman citta.

A aiko mini da acca.

'Yarka,
Afiniki